Wai me ya sa muke jin nauyin cewa "ya ci amana"?

A kasuwar Gusau in yaro ya zare waya a aljihun wani, kafin ka ce kwabo an yi mai ihun ɓarawo, wani lokaci ma har da duka. Amma in ma'ajin ƙungiya ya cinye kuɗin da anka ba shi ajiya sai ka ji ana ta lalaben kalma mai laushi, wai an samu badaƙala, wai almundahana, ko a ce kuɗin sun yi ɓatan dabo, sai ka ce ƙafa gare su. Wanga abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sunan abin cin amana, kuma ba banza Bahaushe ya raba shi da sata ba. Ɓarawo katanga yake haurawa da dare, shi ko maci amana da hannunka ka miƙa mai kana murmushi. Uwar adashin da ta haɗiye zubi ta ce jari ya karye, wanda ka ba shanu kiwo ya kai biyu kasuwar Talata Mafara ya dawo ya ce 'yan bindiga sun kore (yanzu ai komai a kansu ake jingina shi), da baffan da ya danne gonar marayu yana cewa ai ni na ci da ku, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Malaman fiƙihu ma sun bambanta su. Sata mai haddi ita ce ɗauke abu a ɓoye daga ma'ajiyarsa, kuma akwai hadisi a Tirmizi da Abu Dawud cewa ba a yanke hannun maha'inci, hukuncinsa ta'aziri ne gwargwadon ganin alƙali. To a nan wasu ke fakewa. A shekarar 2000 an yanke hannun wani a Zamfara kan satar saniya, kowa ya ji labari, amma mai riƙe da takin manoma ko kuɗin fansho gani yake tunda hannunsa ya tsira ai laifin ƙarami ne. Ina! Cin amana fa yana cikin alamomin munafuki guda 3 da Annabi (SAW) ya lissafa. Ko a dokar Penal Code ta Arewa sashe na 311 ya fayyace shi, na 312 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7.

Shi ya sa nake roƙon 'yan jarida, in kotu ta tabbatar da laifi ku daina ɓuya bayan almundahana, kalmar da tsohuwa a Anka ko Zuru ba ta jin zafinta. Haka batun "goro" da "ihsani". Lokacin da Ibnul Lutbiyya, wani da Annabi (SAW) ya naɗa ma'aikacin zakka, ya dawo daga karɓar zakka ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta anka ba ni, Manzon Allah ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama gidan uwarsa ko ubansa ya ga ko za a kawo mai kyautar.