Muryar matan Inuit ba kukan tsuntsu ba ce

Jama'a, in kun samu sarari ku nemi wani kiɗa mai suna Cantus Arcticus ku saurara. Einojuhani Rautavaara ɗan ƙasar Finland ne ya tsara shi a 1972, da Jami'ar Oulu ta nemi kiɗan bikin ba da digiri. Bawan Allahn nan ya shiga fadamun Liminka da na'ura, ya naɗo kukan tsuntsaye, ya zaunar da su a tsakiyar babbar ƙungiyar makaɗa. Sarewa biyu ne ke buɗe fage a hankali, sai tsuntsayen fadama su amsa. Can tsakiya ya rage gudun muryar wani ɗan ƙaramin tsuntsu har ta yi kauri, ta koma makoki. A ƙarshe garken manyan tsuntsayen ruwa masu dogon wuya ya taso yana ƙaura, kukansu na ƙaruwa, masu goge na ƙaruwa, har ka rasa wanne ne tsuntsu wanne ne tsirkiya. Wallahi ina son kiɗan nan har cikin raina.

Amma tsuntsu ba ya da haƙƙin da zai bi ka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu masu tsara kiɗa ke zuwa ƙuryar arewacin duniya da kunne ɗaya: su ɗebo iska, su ɗebo ƙarar fashewar ƙanƙara, su ɗebo muryar mutanen Inuit, 'yan asalin yankunan ƙanƙara na arewacin Kanada da kewaye, duk a jaka guda, kamar su ma wani yanki ne na dajin.

Matan Inuit suna da wata waƙa ta maƙogwaro da suke kira katajjaq. Mata biyu ne ke tsayawa fuska da fuska, kowacce riƙe da hannuwan 'yar'uwarta. Ɗaya ta jefa sauti daga can ƙasan maƙoshi, ɗayar ta cike gurbin kafin numfashi ya dawo, suna kwaikwayon iska ko ruwa ko kare ko tsuntsu. Wadda ta fara dariya ko numfashinta ya ƙare, ita aka kayar. Wasa ne na mata. 'Yan mishan sun hana shi tsawon shekaru, ya kusa ɓacewa, tsofaffi ne suka riƙe shi a ƙirji har jikoki suka karɓa. Sai a 2014 lardin Kebek na Kanada ya amince da shi a matsayin gadon al'ada.

To abin da aka hana mutum yi a ɗakin uwarsa, yaya zai ji in ya tsince shi a bakin baƙo ana tafa masa? Shi ya sa a 2019 Tanya Tagaq, mawaƙiyar Inuit daga yankin Nunavut na Kanada, ta fito ta ƙalubalanci wata ƙungiyar mawaƙa ta Amurka, Roomful of Teeth, kan salon katajjaq da ke cikin wani aiki da suke rerawa, na mai tsara kiɗa Caroline Shaw, wanda ya ci kyautar Pulitzer ta Amurka a 2013. Ƙungiyar ta amsa, ta yi alkawarin riƙa ambaton waɗanda suka koyar da ita. Ni dai ina bayan Tagaq. Masu cewa kiɗa ba shi da iyaka sun faɗi gaskiya, sai dai suna da kuɗi ba sa yawo haka nan, akwai aljihun da suke sauka.

Kuma an nuna ana iya yin abin da mutunci. A 2008 Alexina Louie, mai tsara kiɗa 'yar Kanada, ta tsara wani kiɗa mai suna Take the Dog Sled domin mata biyu masu katajjaq su rera da bakinsu, makaɗan Montreal ƙarƙashin jagoransu Kent Nagano suka ɗauki kayansu a jirgin sama zuwa ƙauyukan Inuit na Nunavik a arewacin Kebek, inda babu hanyar mota daga kudu. Masu abin ne suka fara jin sa, a garinsu.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Qiksaaktuq, da Tagaq ta yi tare da makaɗan Toronto a 2017, kuka ne ga matan 'yan asalin Kanada da aka kashe ko suka ɓace. Ba a rubuta mata abin da za ta rera ba. Tana ƙirƙirarsa ne a tsaye a kan dandali, tana gurnani, tana haki, tana ihu, kuma sunanta na cikin na waɗanda suka tsara aikin.