Turo min a WhatsApp kawai

Wallahi mutanen unguwar Nima ta Accra kuna ba mu wahala mu masu ɗaukar hoto. Ranar biki mutum ya tsaya tun safe har isha'i, kyamara a wuya, ya biya troto, motar haya, daga unguwar Madina, ya yi hayar fitila, ya kwana gaban kwamfuta yana gyaran fuskar amarya ga dumsor na ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, sai a ce maka "ɗan'uwa turo min duka a WhatsApp, sauran kuɗin sai bayan Sallah". Wace Sallah kuma? Kuma WhatsApp ɗin nan matse hoto yake, ya lalata shi, gobe a ɗora a Facebook a ce aikinka ne bai yi kyau ba. Mai abinci an sallame ta tun kafin a ɗaura aure fa!