Shari'ar Kaza Mai Lamba 27

Bayan sallar la'asar, a wata unguwa da ke cikin tsohon birnin Sakkwato, Mai unguwa yana kishingiɗe a kan buzu a zaurensa, sai ga Gwaggo mai ƙosai ta shigo riƙe da fukafukan wata kaza wake-wake, Tanko gwauro kuma yana biye da ita riƙe da ƙafafun kazar, kowannensu ya ƙi saki. Ɗan koli, wanda ba a yin taro a unguwar ba tare da shi ba, ya sauke kayansa a bakin ƙofa ya tsuguna.

MAI UNGUWA: Ku ajiye baiwar Allah nan a ƙasa tun ba ku raba ta biyu ba, domin ban taɓa yanke hukunci a kan rabin kaza ba. Gwaggo, ke ce babba, ke za ki fara.

GWAGGO: Ranka ya daɗe, wannan kaza tawa ce tun tana cikin ƙwai. Uwarta ta yi kwanci kwana 21 a bayan randata, ni na kore mata shaho, ni na tsare ta daga muzuru, kuma da hannuna na ɗaura mata jan ƙyalle a ƙafar hagu, wanda na yaga daga tsohon ɗankwalina.

TANKO: Allah ya ba ka nasara, ban musa cewa Gwaggo ta yaga ɗankwalinta ba, amma ƙyallen da ke ƙafar wannan kaza daga aljihun tsohuwar taguwata ya fito. A kasuwar Achida na sayo ta tana sagara, na ɗaura mata shi tun kafin mu hau mota.

MAI UNGUWA: Tanko, tun kana yaro nake ganinka, ban taɓa ganinka da jar taguwa ba.

TANKO: Aljihun ne kawai ja, ranka ya daɗe, shi kuwa aljihu a ciki yake.

Mai unguwa ya jawo ƙafar kazar ya duba. Maganar gaskiya, abin da ke ɗaure a wurin ya daɗe da barin zama ja, domin kwata da toka da rana sun mayar da shi launin da ba shi da suna.

MAI UNGUWA: To, za mu bi hanyar iyaye da kakanni. Idan rana ta faɗi a sake ta a tsakiyar lungu, gidan da ta shiga da ƙafarta, nan ne gidansu.

GWAGGO: Ban yarda ba, ranka ya daɗe, saboda kwana uku ke nan Tanko yana watsa mata gero a ƙofar ɗakinsa, alhali shi kansa da gari da ƙuli yake kwana. Kaza kuwa ba ta san amana ba, inda tsaba take nan take kira gida.

TANKO: Ni ma ban yarda ba, domin Gwaggo tana da zakara, ni ba ni da shi.

Ana cikin haka sai Malamin dabbobi ya yi sallama, da jakarsa a rataye, ya zo neman izinin shiga gidaje don rigakafin kaji. Ya gaishe da Mai unguwa, idonsa ya faɗa kan kazar, ya manta da abin da ya kawo shi.

MALAMIN DABBOBI: Ranka ya daɗe, wane ne ya ɗaura wa wannan kaza wannan abu? Duba yadda ƙafar ta kumbura daga ƙasan ɗaurin. An ɗaura shi tana ƙarama, ƙwaurinta ya yi ta kauri shi kuwa ƙyallen yana nan yadda yake, har zarensa ya nutse cikin fata ya tare jini. Da an ƙara mako biyu, da ta rasa yatsun nan, ko ma ƙafar gaba ɗaya. Wanda ya yi wannan ya zalunci dabba.

GWAGGO: Ai ka ji da kunnenka, ranka ya daɗe, Tanko ya ce daga aljihunsa ya fito.

TANKO: Ni aljihuna ja ne, wannan kuwa kowa yana gani ba ja ba ne. Ƙyallen na Gwaggo ne, kazar ce tawa.

Malamin ya yanke ɗaurin da almakashi, ya wanke wurin ya shafa magani, sa'an nan ya zazzage wata leda a kan tabarma. Zobba ne na roba, ja da kore da rawaya da shuɗi, waɗansu a murɗe, waɗansu kuma masu maɓalli da lamba a jikinsu.

MALAMIN DABBOBI: Wannan shi ne abin da masu kiwo suke sa wa kaza a ƙwauri, kuma da an sa shi tun farko da ba ku zo nan ba. Mai murɗin nan ana ware shi ne a naɗa a ƙafa, mai maɓallin kuma a ɗana shi ya kama. Kowanne da girmansa, domin babbar kazar gidan gona takan ɗauki mai faɗin kamar milimita 16, zakara ya fi haka, kajinmu na Hausa kuwa sun fi siririn ƙwauri, saboda haka sai an gwada. Ƙa'idar ita ce zoben ya riƙa juyawa, yana hawa yana sauka a ƙwaurin, amma kada ya yi sakwa-sakwa har ya zame ta kan yatsu ko ya maƙale a ƙaya.

MAI UNGUWA: Malam, kana nufin yanzu har kaza ma sai an yi mata awo kafin a saya mata zobe? Ni da na auri mata uku, ko ɗaya ban auna yatsanta ba.

TANKO: Ni kuwa, Allah ya ba ka nasara, shekara goma ina neman wadda zan sa wa zobe ban samu ba, ashe tana nan tana tono a ƙofar ɗakina.

GWAGGO: Ɗan nan, bar su da shiririta ka gaya mini. Ni na san kajina da fuska, na san durgu, na san mai tukku, na san wadda ke satar mini wake. Me zobe zai ƙara mini?

MALAMIN DABBOBI: Gwaggo, kin san su suna bakwai, amma idan suka kai talatin, rabinsu 'ya'yan zakara ɗaya masu kama ɗaya, fuska ba za ta ishe ki ba. Da zobe za ki san wadda ke yin ƙwai da wadda ke cin dusa a banza. Idan kika sa wa 'yan bana kore, na baɗi rawaya, kallo ɗaya zai gaya miki tsohuwa, tun da kaza takan rage ƙwai bayan shekararta ta biyu, sai ki san wadda za ki kai kasuwa idan salla ta matso. Haka kuma idan kin sa wa kaza ƙwan zabi, wanda yakan kai kwana 28 kafin ya ƙyanƙyashe, lambarta za ta tuna miki ranar da kika sa. Babban amfaninsa a wurina kuwa shi ne rigakafi. Kin san ciwon nan da ke share akurki lokacin hunturu, kaza ta yi ta gyangyaɗi, wuyanta ya murɗe, ta yi koren kashi. Ana ɗiga maganinsa a ido, irin wanda ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, kuma ana maimaitawa bayan wata uku zuwa huɗu. Idan babu alama, sai in ɗiga wa kaza ɗaya sau uku don ita ce mai sauƙin kamu, mai gudun kuma ta tsira ba ta samu ko sau ɗaya ba.

MAI UNGUWA: Wannan magana ta shiga. To, sa wa wannan nata, kuma tun da ba a gano mai ita ba, za ta zauna a gidana a matsayin amana har mako guda, kowa ya je ya nemo shaidunsa.

Malamin ya ɗana mata rawayan zobe mai lamba 27 a ƙafar dama, tun da ta hagu tana da rauni, ya rubuta lambar da launin da kamannin kazar a littafinsa. Gwaggo ta dubi Tanko, Tanko ya dubi Gwaggo, kuma a karo na farko ra'ayinsu ya zo ɗaya, domin dukansu sun san tarihin amana a wannan gida. Ɗan koli bai ce uffan ba, ya ɗauki kayansa ya nufi babbar kasuwa da sauri.

Ranar da mako ya cika aka sake haɗuwa a zauren, Malamin dabbobi ya shigo yana share gumi, ransa a ɓace.

MALAMIN DABBOBI: Ranka ya daɗe, daga bakin titi zuwa nan duk kazar da na gani tana sanye da rawayan zobe, har da zabi, har da agwagwa. Yaya aka yi haka?

ƊAN KOLI: Malam, ni hidimar jama'a na yi. Rawayan ne ya fi araha a wurin dila, na ɗauko ƙunshi guda, kuma duk matar da na shiga gidanta na gaya mata cewa daga yau duk kaza mai rawayan zobe tata ce.

GWAGGO: Haka ya ce mini, shi ya sa jiya da magariba na kora goma sha ɗaya cikin akurkina, alhali bakwai gare ni. Kafin isha mata huɗu sun yi mini sallama, ba kuwa ƙosai suka zo saye ba.

MALAMIN DABBOBI: Launin da kowa zai iya saye ba ya zama shaida, Gwaggo. Ko dai kowane gida ya ɗauki launinsa a sanar da maƙwabta, ko a haɗa launi biyu, ko a yi amfani da mai lamba, kuma duk wanda aka zaɓa sai an rubuta shi a littafi, domin zoben da ba a rubuta ba ado ne kawai. Ko mai lambar ma ɓarawo yana iya cire shi, amfaninsa ya fi yawa tsakanin mutanen kirki da kajinsu suka cakuɗe. Kai kuma Malam Tanko, me ya sami 'yan tsakin da na gani a ƙofarka suna ɗingishi?

TANKO: Na ga roba ba ta da ƙwari, sai na sa maƙeri ya lanƙwasa musu na waya, ya matse da awartaki yadda ba mai iya cirewa.

MALAMIN DABBOBI: Har da su kansu ba za su iya girma a ciki ba. Ɗan tsako kullum ƙafarsa ƙaruwa take yi, saboda haka nasa zoben mai taushi ne, ana duba shi kowane mako, ana canja masa mafi girma sau biyu ko uku kafin ya zama kaza. Yau ɗin nan za mu je a yanke wayar. Amma kafin nan, ranka ya daɗe, a fito mini da mai lamba 27 in duba rauninta, in kuma ga ko zoben bai matse ta ba.

MAI UNGUWA: Wace 27? Af, amanar nan. Ai tana nan lafiya, sai dai ba ta son a dame ta da rana. Ku ci gaba da kawo shaidu tukuna.

MALAMIN DABBOBI: Dole in gan ta, domin na ba ta maganin da aka rubuta a jikin kwalbarsa cewa kada a ci namanta ko ƙwanta sai kwanakin da aka ƙayyade sun cika, kuma ba su cika ba.

MAI UNGUWA: Idan kuma, a misali, wani bawan Allah ya ci bisa rashin sani, da tuwon shinkafa, me zai same shi? Tambaya ce kawai ta neman ilimi.

Kafin Malamin ya ba da amsa sai ga autan Mai unguwa, yaro ɗan shekara shida, ya shigo da butar alwala. A babban yatsansa na dama akwai rawayan zobe. Malamin ya kama hannun yaron, ya juya zoben, ya buɗe littafinsa.

MALAMIN DABBOBI: Rawaya, lamba 27. Yaro, wa ya ba ka wannan?

AUTA: Inna ce ta ba ni shekaranjiya, lokacin da take fige kazar da Baba ya ce shaho zai ɗauke gobe.

MAI UNGUWA: Wannan yaro bai da cikakkiyar lafiya, tun safe yake sambatu. Gwaggo, ke kin san sabo da kaza ba ya hana yanka, balle wadda rauni ya kama, ai taimakonta aka yi kada ta mutu mushe.

GWAGGO: Ban ja da kai ba, ranka ya daɗe. Amma a gabanka Malam ya rubuta cewa abin da muke shari'a a kansa shi ne mai rawayan zobe lamba 27, ga shi kuwa a tsaye da ƙafa biyu. Na yarda ya ƙara girma a hannunka, Allah ya saka da alheri. A ba ni abina, dama ina neman mai kai mini wake inji da asuba.

TANKO: Allah ya ba ka nasara, ba a gama shari'a ba balle a ba ta. Tun ranar farko na ce mai wannan lamba nawa ne, kuma ni ne mabukaci, ba ni da mata, ba ni da ɗan aike. Idan an ga dama a bi hanyar iyaye da kakanni, a sake shi da magariba a tsakiyar lungu, ni kuwa zan tanadi alewa a ƙofar ɗakina.

ƊAN KOLI: Alewa tana nan a cikin kayana, Malam Tanko, kuma Gwaggo ma idan tana so zan yi mata ragi.

MAI UNGUWA: An ɗage wannan shari'a sai bayan salla. Auta, cire abin nan ka miƙa wa Malam. Kai kuma Malam, matso kusa ka gaya mini a hankali, kwana nawa ka ce an rubuta a jikin kwalbar?