Tashar Chancay: Matsalar Peru tana kan titi

Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Chancay a Peru ranar 14 ga Nuwamba 2024, 'yan siyasar Washington ba su da wata magana sai ta cewa China ta shigo musu bayan gida. Tun kafin buɗewar ma, Janar Laura Richardson, shugabar rundunar sojin Amurka mai kula da Latin Amurka a lokacin, ta yi kashedin cewa jiragen yaƙin China za su iya amfani da tashar, wani na hannun daman Trump kuma, Mauricio Claver-Carone, ya nemi a lafta harajin kashi 60 kan duk kayan da suka bi ta wurin. Wannan hayaniya ta ishe ni, domin ta danne abin da yake ci wa mutanen Peru tuwo a ƙwarya.

Tashar dai ba abar rainawa ba ce. Kamfanin jiragen ruwa na gwamnatin China, COSCO, mai kashi 60 na hannun jari, ya jagoranci aikin da kashinsa na farko ya lashe dala biliyan 1.3, kuma jirgi yana isa Shanghai cikin kwana 23. To amma ta ina kayan za su iso bakin teku? Babu layin dogo zuwa Chancay. Tsakaninta da Lima, babban birnin ƙasar, kilomita 80 ne kawai, sai dai manyan motoci suna bi ta Pasamayo, hanyar nan mai murɗiya a gefen dutse inda bas ta faɗa rami a Janairun 2018, mutum fiye da 50 suka mutu. Wanda ya ɗauko ma'adinai ko amfanin gona daga tsakiyar tsaunukan Andes kuma, galibi sai ya biyo Carretera Central, titi mai layi ɗaya na zuwa da ɗaya na dawowa da yake hawa sama da mita 4,800 a Ticlio, wanda zaftarewar ƙasa take toshewa kusan duk damina. Direban da ya kwana a wannan layi cikin sanyi bai damu da tutar da take kan tashar ba.

Abin ya zame wa mahukuntan Lima jiki. A Yunin 2025 sun buɗe sabon ginin filin jirgin saman Jorge Chávez alhali babbar gadar shiga ba ta samu ba, sai gadojin ƙarfe na wucin gadi a kan kogin Rímac. Masu cewa rashin kuɗi ne su je su tambayi Alejandro Toledo, tsohon shugaban ƙasar da aka ɗaure shekara 20 da wata shida saboda cin hancin kamfanin Odebrecht a kwangilar titin da ya haɗa Peru da Brazil. Kuɗin titi ya samu, aljihu ya shige.

Yanzu kuma an taso da mafarkin jirgin ƙasa daga gaɓar Brazil har Chancay. Kafin a ratsa dajin Amazon, a fara shimfiɗa dogo daga Lima zuwa tashar, a fitar da tireloli daga Pasamayo.