Gini Na Iya Rushewa Tun Ƙarfensa Bai Narke Ba

Ana yawan cewa ƙarfen gini da aka surka da wasu sinadaran ƙarfe, wato molibdenom, niyobiyom da banadiyom, ya fi ƙarfin gobara, tunda ƙarfe ba ya narkewa sai wajen digiri 1,500 a ma'aunin Salsiyas. Lissafin narkewar daidai ne, amma ba can matsalar take ba.

Dubi maƙeri: ƙarfe na yin ja a wuta yake lanƙwasa shi, bai jira ya narke ba. A digiri 600, ƙarfen gini na gama-gari ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, ga nauyin bene a kansa. A wanda aka surka, sinadaran nan kan haɗu da kabon su zama ƙananan ƙwayoyi masu hana cikin ƙarfen zamewa. Ma'aunin Japan shi ne irin wannan ƙarfe ya riƙe kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a digiri 600. Bayan digiri 700 wannan fifikon yana gushewa, gobarar ɗaki kuwa takan kai 1,000.

Don haka ƙarfen da aka surka, lokacin fitar da mutane yake ƙarawa. Har yanzu sai injiniya ya lissafa kaurin fenti mai kumbura da zafi, ko allon kariya, musamman a ginshiƙai da mahaɗai.