Shirun Mai Kwamfuta Ba Izini Ba Ne

A watan Nuwamban 2024 masu haɗa Manjaro, ɗaya daga cikin rassan Linux (babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, irin Windows, amma wadda take a buɗe ga kowa) da ke da farin jini a wurin matasa, suka gabatar da wata ƙaramar manhaja da suka raɗa wa suna Manjaro Data Donor, wadda aikinta shi ne ta tattara bayanan kwamfutar da take kai ta aika musu. Sunan yana nufin mai ba da gudummawar bayanai, amma niyyar da suka bayyana tun farko ita ce a kunna ta ga kowa, wanda bai so ba ya nemi inda ake kashewa ya kashe. Gudummawar da ake zara daga aljihun mutum kafin a tambaye shi, mu dai haraji muka san ana ce mata.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne an riga an yi wannan rigimar har sau biyu a shekarar da ta gabaci wannan, kuma kowa ya ga yadda ta ƙare. A farkon 2023 Russ Cox, jagoran masu haɗa harshen rubuta manhaja na Go a lokacin, ya kawo irin wannan shawara ga harshen, aka yi masa ca, ya janye ya koma ga tsarin da sai mutum ya kunna da hannunsa. A watan Yulin shekarar injiniyoyin kamfanin Red Hat suka nemi a saka ma'aunin yadda ake amfani da manhaja a cikin Fedora Workstation 40, wani reshen Linux, maɓallinsa a kunne tun daga shafin farko, su ma suka sha ruwan suka har sai da suka dawo da shawarar a 2024 bisa sharaɗin neman amincewa tukuna. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, amma da alama mutanen Manjaro ba su ga hayaƙin ba.

Hujjarsu guda ce, kuma ba ta sauyawa daga wannan gida zuwa wancan. Suna cewa idan aka bar wa mutane zaɓi, kaɗan ne za su kunna, kuma waɗanda za su kunna ɗin 'yan gani-kashe-nin Linux ne da ba sa wakiltar talakan mai amfani, don haka alƙaluman ba za su yi amfani ba. Ta fuskar lissafi ban musa ba. Sai dai duk wanda ya saurari maganar da kyau zai ji cewa ikirari ne suke yi da bakinsu: sun san in sun tambaya yawancin mutane ba za su ce e ba, saboda haka suka yanke shawarar tsara tambayar ta yadda gajiya da gaggawa za su amsa a madadin mutum. Wannan dabara ce da muka sani a wurin Microsoft tun fitowar Windows 10 a 2015, kuma ita ce ta koro mutane da yawa zuwa Linux. Mutum ya gudo daga gidan da ake masa leƙe ta taga, ya zo ya tarar sabon mai masaukinsa yana auna tagar.

Akwai kuma wani abu da injiniyan da ke zaune a Jamus ko Amurka ba ya kawowa a ransa, wato sau da yawa mai kwamfutar ba shi ne ke ɗora mata babbar manhajar ba. Na taɓa zama a kan benci a shagon wani mai gyara ina jiran tawa, ina kallonsa yana ɗora Ubuntu, wani reshen Linux, a kan tsofaffin kwamfutoci uku na wata makarantar koyon na'ura, ya jera su a kan tebur, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa yana ciniki da wani. Shafin da ke tambaya ko a aika wa Canonical, kamfanin da ke haɗa Ubuntu, bayanan na'urar ya fito, an riga an zaɓa masa e, ya danna gaba, ya matsa ga ta biyu ya danna, ya matsa ga ta uku. Duka bai kai minti ɗaya ba. Ɗaliban da za su zauna gaban waɗannan kwamfutoci ba za su taɓa sanin an yi wata tambaya ba, balle su ce an nemi izininsu. Tun Ubuntu 18.04 a 2018 aka shigo da wannan shafi, kuma na tabbata a rumbun kamfanin an lissafa waɗannan ukun cikin masu amincewa.

Za a ce ai bayanan ba su ɗauke da sunan kowa, irin injin kwamfutar ne kawai, da girman ma'ajiyarta, da faɗin allonta, da yankin agogonta. Wannan magana tana da ƙarfi ga wanda ke Landan da sabuwar kwamfuta irin wadda dubban maƙwabtansa ke da ita, domin yana ɓacewa cikin taro. Amma a ɗauki mai tsohuwar kwamfuta ƙirar ThinkPad a Damagaram, agogonsa a kan Yamai, harshensa Faransanci, da wata na'urar intanet da ba kowa ke da irinta ba. Mutum nawa ne a duniya suka haɗa waɗannan siffofi? Ɓoye suna yana kare masu yawa ne, marasa yawa kuwa siffarsu ita ce sunansu. Ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta nuna haka tun 2010, lokacin da ta gwada burauza, wato manhajar shiga intanet, kusan 470,000 ta samu fiye da kashi 83 cikin ɗari kowace tana da tambarin da ba ta haɗa shi da wata ba, alhali babu suna ko ɗaya a ciki. Kafin nan, a 2006, kamfanin AOL ya saki bayanan binciken mutane kusan 650,000 bayan ya maye sunayensu da lambobi, cikin kwanaki kaɗan 'yan jarida suka bi sawun lamba ɗaya har ƙofar gidan mai ita.

Masu cewa tunda manhajar a buɗe take kowa na iya karanta abin da take aikawa, sai su faɗa mana mutum nawa ne cikin masu amfani da ita suka taɓa buɗe layi ɗaya, kuma wa ya taɓa leƙa abin da ake yi da bayanan bayan sun isa wancan ɓangaren.

Tarihi ma bai goyi bayan a yarda da baki kawai ba. A 2012 Ubuntu 12.10 ta fito da tsarin da ke ɗaukar abin da mutum ya rubuta yana neman fayil a cikin kwamfutarsa, ya aika ta hanyar Canonical domin a nuna masa kayan sayarwa na Amazon. Richard Stallman, jagoran masu fafutukar 'yancin manhaja, ya kira abin manhajar leƙen asiri, shi kuwa Mark Shuttleworth, mai kamfanin, amsar da ya ba masu ƙorafi ita ce ai dama su ke riƙe da makullin kwamfutocin gaba ɗaya, don haka an riga an yarda da su. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta sa laifin ya fi muni, domin wanda aka ba ajiyar makullin gida shi ne ya fi kowa cancantar yin sallama kafin ya shiga ɗaki. Sai a 2016, da fitowar 16.04, aka mayar da wannan bincike a kashe sai wanda ya kunna da kansa, bayan shekara kusan huɗu ana jan magana.

Doka ma ta bar masu wannan dabara a baya. A ranar 1 ga Oktoban 2019 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar Planet49 cewa akwatin da aka riga aka sa wa alama ba ya zama amincewa, kuma dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta faɗa ƙarara cewa shiru ko rashin motsi ba izini ba ne. Lauyoyinsu za su ce waɗannan dokoki sun shafi bayanan da ke nuna mutum ne kawai, nasu kuwa ba sa nunawa. To, abin kunya ne a ce masu da'awar 'yancin mai amfani sun koma fakewa da irin ƙofar da kamfanonin talla ke bi.

Ban ce masu haɗa manhaja ba su da buƙatar sanin abin da ake amfani da shi ba, domin mafi yawansu 'yan sa-kai ne masu ƙarancin lokaci, kuma yana da ciwo mutum ya ɓata wata shida yana gyara abin da babu mai taɓawa. Amma hanyar tana nan, an daɗe ana bin ta. Debian, wani tsohon reshen Linux, ta shafe shekaru fiye da 20 tana da manhajarta ta ƙidayar manhajojin da aka fi amfani da su, wadda ke tambaya a lokacin ɗorawa, amsar da ke zaɓe kuma ita ce a'a. Ƙungiyar KDE, masu haɗa Plasma, fuskar allo ta Linux, ta saka nata ma'aunin a Plasma 5.18 a 2020, a kashe, da ɗan maja da mutum zai tura zuwa iyakar abin da ya yarda a aika, yana ganin jerin bayanan a gabansa. Alƙaluman da suke samu ba su cika ba, kuma duk da haka Debian ce tushen da Ubuntu kanta ta tsaya a kai har yau.