Ku Daina Kiran Shugaban Makaranta "The Principle"

Lokacin ɗaukar sababbin malamai ya zo, takardun neman aiki sun fara taruwa a teburan makarantu, kuma abin da ake gani a saman wasunsu ya isa ya ɓata wa mutum rai. Matashi mai digiri, wani ma Turancin yake neman ya koyar, amma layin farko na takardarsa "The Principle" ne. 'Yan uwana matasa, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda zai karanta takardar nan shi ne mai muƙamin da kuka kasa rubutawa daidai. Me kuke so ya yi da sauran shafin?

Kalmomi biyu ne, principal da principle. A baki ɗaya suke, ko Baturen Ingila ba ya bambanta su a furuci. A takarda ne kowace take kama gabanta, kuma kama da wane ba ta wane.

Kakarsu ɗaya ce a Latin, wato princeps, wadda aka haɗa daga primus, na farko, da capere, ɗauka ko kamawa. Princeps shi ne wanda ya kama wuri na farko, jagora. Da wannan laƙabi Augustus ya mulki Rum daga shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa, don ya kauce wa sunan sarki da Rumawa suka ƙi jini. Daga nan ma Turanci ya sami prince. To daga wannan tushe rassa biyu suka fito. Na farko principalis, siffa ce mai nufin wanda ya fi muhimmanci, ita ta zama principal. Na biyu principium, suna ne mai nufin mafari ko ginshiƙi, shi ya zama principle. Dukansu ta Faransanci suka bi suka shiga Turanci, a ƙarnonin da suka biyo bayan cin Ingila da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi a 1066. Faransanci ya riƙe principal da principe, amonsu daban, shi ya sa ɗalibin Maraɗi ko Damagaram ba ya faɗawa wannan rami a harshen bokonsa. Turawan Ingila ne suka cusa wa ta biyun harafin l, har amon ya haɗe.

Principal na aiki biyu. Tana zama suna: shugaban sakandare ko kwaleji, firinsifal ɗin da muka sani, uwar kuɗi a bashi ko ajiya, a shari'a kuma mutumin da wakili yake wakilta. Tana kuma zama siffa mai nufin babba: principal reason babban dalili ne, Principal Lecturer da Principal Accountant matakai ne a aikin gwamnati. Kowa ya yi lissafin kuɗin ruwa a sakandare, inda ake ninka P da R da T a raba da 100. Wannan P ɗin principal ce, R kashin ruwa ne, T kuma shekaru. Naira 50,000 a kan kashi 10 cikin ɗari na shekara 2, ruwanta naira 10,000 ne, ita kuma 50,000 ɗin ita ce uwar. Lissafi nake misali da shi, ba halatta riba nake ba, kada wani ya taso.

Principle kuwa aikinta ɗaya tak, suna ce, ba ta taɓa zama siffa. Ma'anarta ƙa'ida, aƙida, tushen da ake gina ilimi ko hali a kai. Babi na biyu na tsarin mulkin Najeriya na 1999 yana ɗauke da Directive Principles of State Policy. Littafin da Isaac Newton ya fitar a 1687 ana kiransa Principia, jam'in principium ke nan, domin ƙa'idojin motsi ya shimfiɗa. In an ce an amince in principle, an yarda da tushen maganar, saura a daidaita bayanai. Mutum yana iya zama a man of principle, mai aƙida, amma shi kansa ba zai taɓa zama principle ba. Saboda haka mai rubuta "The Principle, Government Secondary School" ƙa'ida yake aika wa wasiƙa, ita kuwa ba ta da ofis balle ta ɗauki ma'aikaci.

Gwajin ba shi da wuya. Saka main ko head a gurbin kalmar, in jimlar ta zauna to mai ƙarewa da pal ce. Saka rule, in ta zauna to mai ƙarewa da le ce, kamar yadda rule ɗin ta ƙare. Minti ɗaya bai cika ba.

Amma ba rashin sanin ne yake ƙona rai ba, kowa da ranar da ya fara sani. Abin haushin shi ne amsar da ake bayarwa in an yi gyara: "Ai an gane." Ko kuma, "Turanci yaren ubana ne?" To wa ya aike ka neman aiki da shi? Ka ce ba yarenka ba ne, mu duba Hausar taka. Can ma ƙasa da kasa duk ɗaya ne a wurinka, baƙi da baki ba bambanci, "ya zo" ka manne ta wuri guda. Ashe ba harshen ne matsalar ba, ganda ce. Wani kuma ya ce ai wayarsa ba ta ja masa jan layi ba. Yaya za ta ja? Dukansu kalmomi ne ingantattu a ƙamus, na'ura ba ta ga harafin da ya ɓace ba, ita ba ta san wa kake rubuta wa ba. Ka miƙa wa waya aikin kanka, sannan ka kwana kana kallon bidiyon rawa da datar da za ta buɗe maka ƙamus sau dubu. Matambayi ba ya ɓata, amma ku tambayar ma kun mai da ita abin kunya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ga kuma masu shagon buga takardu, da suke ajiye samfurin wasiƙa guda a kwamfuta, kowa ya zo a canza suna a buga masa. In kuskuren yana cikin samfurin, unguwa guda za ta kai shi ofisoshi, kowa ya sa hannu bai karanta ba. "Ai an gane."

Allah ya jiƙan malaman da. A wancan zamani akwai darasin shifta, malami ya karanta, ɗalibi ya rubuta, kalmar da ka kuskure ka maimaita ta a littafi har hannu ya gaji. Irin tarbiyyar da Kwalejin Katsina ta yi wa su Abubakar Tafawa Balewa ke nan, har Turawa suka riƙa tsayawa sauraron Turancinsa. Ba waya gare su ba, ƙamus ɗaya aji ke rabawa, amma suna jin kunyar kuskure. Yau shifta ta kusa ɓacewa daga jadawali, jan biro ya zama na rubuta "seen" kawai, kuma ba abin mamaki ba ne ka leƙa aji ka tarar malamin da kansa ya rubuta "Principals of Accounting" a allo, yara sittin suna kwafa.